Tabo a Motar Alhaji

Guéma, Parakou
Ran Asabar

Zuwa ga mai ɗakina Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Djougou lafiya, gajiyar hanya kuma ta bi jiki. Yaya jikin ɗiyarmu Mubaraka? Yaya ɗan baƙon namu, yana kama nono sosai? Ki gaida mini surukinmu Alhaji Muhammad Amin, da yayarsa Hajiya Memuna, da angon ƙarni Anwar. Allah ya raya mana, ya shirya mana.

Kada ki yi mini dariya don na rubuto takarda a zamanin waya. Jiya na kira ki, na ji muryata tana tashi a tsakar gidan surukai, mata suna ta amsa mini gaisuwar da ke kaɗai na yi wa. Maganar da ke bakina ba ta tsakar gida ba ce. Tunda ni da ke mun sha zaman benci a ajin dare da furfurarmu, bari karatun ya yi mana rana. Direban Djougou ya yi alkawari zai ba ki hannu da hannu.

Hajo, tun ran Alhamis da aka ce Mubaraka ta sauka ban san inda nake taka ƙafata ba. Shekarun nan da muka yi muna jira, ke kin san su. Jiya a shago wata mata ta nemi shuɗiyar atamfa, na miƙa mata ja, ina ta ba ta labarin yaron da ni kaina ban gani ba tukuna. Ki gaya wa sabon angon naki kada ya saba da ke da yawa, mai gida yana nan tafe.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yinta, naƙuda ce ta riga mu. Abin da ya rage mana shi ne wankan jego, a ba mu ita da jaririn su yi arba'in a nan gida. Kafin ki tafi kin ce mini Hajiya Memuna tana cewa hanya da nisa, kuma mutanen Parakou 'yan gaggawa ne, ba su da natsuwar riƙon ɗanyen goyo. Shi kuma Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni dai na sa an share ɗakin gabas, an kawo itacen wanka ya cika bayan madafa. Idan aka hana su zuwa ban san yadda zan riƙa wucewa ta gaban ɗakin nan ba.

To, ga wani abu da ya faru. Jiya da yamma Alhaji ya kira ni da kansa. Tun da aka haɗa auren yaran nan bai taɓa neman wani abu a hannuna ba sai jiya. Ya ce koriyar Fijo ɗinsa tana wurin bakanike a nan Parakou, an gama gyaranta, in karɓo in ajiye a gidana, in zo masa da ita ran Laraba, jajibirin suna. Kin san motar nan. Ta marigayi mahaifinsa ce, ko Anwar ba ya barinsa ya fita da ita bayan gari. Mutumin da ya ba ka wannan, yana so ya ga irin riƙonka ne.

Na karɓo ta yau da safe. Inji lafiya lau, amma fentin ya mutu, ya yi fari-fari kamar busasshen ganye, in ka shafa sai gari ya biyo hannunka. Na tsaya ina kallonta, na ce idan Allah ya sa suka yarda, a cikin wannan za a kawo mini jikana. Daga nan ban tsaya ko'ina ba sai kasuwar Arzeke, shagon Rachidou mai kayan mota. Na sayi injin goge fenti, wanda suke ce wa polisseuse. Abu ne kamar injin yankan ƙarfe, sai dai a bakinsa soso ake maƙalawa, faffaɗa kamar faifai. Ya haɗa mini da man gogewa da ƙyallaye masu laushi, ya nuna mini a wayarsa yadda ake yi. Na ga wata mota da ta fi wannan mutuwa ta dawo kamar madubi.

Ina so in shiga Djougou da ita tana ɗaukar ido, Hajiya Memuna ta ga fuskarta a jikin ƙofar, ta san a Parakou ma akwai masu riƙon amana. Kada ki gaya wa kowa, ko Mubaraka.

Ki huta lafiya. Ni ne naki,
Badamasi

Guéma, Parakou
Ran Litinin da safe

Zuwa ga Hajo,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kun kwana lafiya, ke da mai jego da angon naki. Yaya cibiyarsa, ta fara bushewa?

Takardarki ta iso jiya da la'asar. Na karanta inda kika ce in mayar wa Rachidou injinsa, babu wanda ya aike ni, ajiya aka ce in yi ba kwalliya ba. Gaskiyarki ce, sai dai kafin ta iso na riga na fara. Motar da aka goge rabinta ta fi wadda ba a taɓa ba muni, don haka yanzu sai dai in ƙarasa.

Bari in gaya miki yadda na yi, ko hankalinki ya kwanta. Ban yi gaggawa ba. Na wanke ta tas har sau biyu, don an ce ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin soson sai ta zane jikin mota duka. Na tura ta inuwar mangwaro, saboda ba a goge fenti mai zafi. Na bi duk robobi da bakin gilasai da ƙarafan ado na rufe da sikoc, wato salatif. Sannan na zaɓi wuri kaɗan a can baya, ƙasa-ƙasa inda ido ba ya zuwa, na ɗiga man a kan soso, na shafa shi a jikin motar tun injin yana kashe, na sa gudunsa a mafi ƙanƙanta, na yi bismillah.

Hajo, abin nan yana da ƙarfi. Da ya tashi sai ya nemi ya ja ni gefe kamar ragon da bai san igiya ba. Sai da na gane in soson ya kwanta daidai a jikin mota ba ya gardama. Na bi a hankali, dama zuwa hagu, sama zuwa ƙasa. Da na kashe na juyo soson, sai na gan shi kore shar. Na ce shi ke nan, na kwashe wa Alhaji fentin mahaifinsa. Ko takalmin kirki ban sa ba na hau zem, babur ɗin haya, zuwa wurin Rachidou da soson a hannu. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce motocin da ba a shafa musu verni, man ƙyallin nan, a saman fenti ba haka suke, mataccen fentin ne yake fita, mai ran yana ƙasa. Amma ya daina dariya ya ce mini abu biyu. Kada in bar injin ya tsaya wuri ɗaya yana juyawa, kuma in yi nesa da gefuna da duk inda ƙarfe ya yi tudu, don fentin wurin ba shi da kauri.

Na dawo na share wurin da ƙyalle. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Kore ne mai duhu mai zurfi, har ganyen mangwaron na gani a ciki ɗaya-ɗaya. Jiya na gama bayan motar da ƙofofi huɗu, kafaɗuna kamar an yi mini duka. Maƙwabta suna ta leƙowa. Saura rufi da gaba.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne kuran, wato wutar lantarki. Jiya an ɗauke tun kafin azahar, ba a dawo da shi ba sai da rana ta yi sanyi. Yau ma har yanzu babu. Ran Laraba kuwa ba za ta jira ni ba.

Kin ce Hajiya Memuna ta sa an sauke itacen wanka a can gidan. Na karanta layin nan ban san sau nawa ba. Shin da izinin Alhaji ta yi, ko ita ce dai take gina maganarta tun kafin a yanke? Ki saurara mini da kyau, amma kada ki tanka mata. Ki bar mota ta yi magana ran Laraba.

Naki,
Badamasi

Guéma, Parakou
Ran Talata

Hajo,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya dukanku, da mai jego da yaro. Ki nemi inda babu kowa kafin ki ci gaba da karantawa.

Na ɓata motar.

Jiya ba a kawo kuran ba sai da rana ta take. Inuwar mangwaro ta riga ta janye daga gaban motar, murfin injin ya ɗauki zafi. Na san ya kamata in jira ko in tura ta gaba, amma na ji tsoron a sake ɗaukewa. Na ƙara wa injin gudu don in gama da wuri. Akwai wani ɗan maɓalli a gefensa da ke riƙe makunni, injin ya yi ta juyawa ko ka cire yatsa. Hannuna ya gaji, sai na danna shi.

Ina tsakiyar murfin, kusa da tudun nan da ya bi ta gefen hagu, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Liman ne da dattawa biyu, sun zo yi mini barka. Kin san Liman, ba ya jiran a shimfiɗa masa tabarma. Yana shigowa ya ɗaga hannu ya fara yi wa yaron addu'a, Allah ya raya shi, ya sa mahaddaci ne, ya sa ya ji ƙan iyayensa da kakanninsa. Hajo, jikana ake yi wa addu'a a tsakar gidana. Na juyo gare su na ɗaga hannun dama ina cewa amin, na hagu yana riƙe da injin. Ban tuna yana juyawa ba. Liman kuwa ya ja addu'ar, ya bi zuriyarmu da ta Alhaji har ya kai kan fataken goro. Sai da muka shafa na ji wari kamar roba tana ƙonewa.

Wurin ya kai faɗin tafin hannun yaro. Koren ya tafi, shafen ƙasa mai ruwan toka ya fito, a tsakiya kuma ƙarfe ne tsirara yana ƙyalli. Gefensa ya yi baƙi-baƙi ya tattare. Kuma ba a ɓoye yake ba, yana gaba ta ɓangaren direba, inda idon mai mota yake sauka duk sanda ya zo buɗe ƙofa. Ga shi sauran jikin yana sheƙi, sai tabon ya ƙara fitowa. Liman ya leƙa, ya ce Allah ya sa kaffara ce, suka tafi.

Na kira Mourtala mai fenti ya zo har gida. Ya shafa wurin ya ce ba a yi wa irin wannan faci, sai an kankare murfin duka an sake fesawa, kuma ba aikin da zai bushe kafin Laraba ba ne. Ya ce ko ya fesa, koren zamanin nan ba zai zama ɗaya da tsohon ba, mai motar zai gane tun daga nesa. Na roƙe shi har na ji kunyar kaina. Da zai tafi sai ya ce akwai dabara ɗaya da direbobi suke yi. Takardun nan masu manne da ake liƙa wa mota, masu rubutun Masha Allah, akwai mai faɗin da zai rufe wurin ruf. Ya ce in ce na liƙa ne saboda bakin mutane, tunda mota ta yi kyau kuma jariri za ta ɗauka. Ya ce babu Musulmin da zai sa hannu ya ɓare sunan Allah daga motarsa.

Na saya, na liƙa. Ta zauna daidai, fara da ruwan zinariya, kai ka ce don wurin aka yi ta. Na ƙarasa sauran aikin yau da sassafe da injin a ƙaramin gudu, hannuna biyu a kansa, na kuma sa sakata a ƙofar gida.

Amma ban iya cin abinci ba. Idan na nuna masa, na miƙa wa Hajiya Memuna hujjarta da hannuna. Za ta ce mutumin da ya kasa riƙe mota daga Asabar zuwa Laraba shi za a ba ɗanyen jariri har arba'in? Kuma ba za ta yi ƙarya ba. Idan na ɓoye, wata rana zafin rana zai ɗaga takardar, a lokacin kuma Mubaraka ce take zaune a gidansu, ba ni ba.

Direban zai juyo yau da yamma. Ki ba shi amsa ko layi biyu ne. Ke kike ganin fuskokinsu, ni ban gani.

Naki cikin damuwa,
Badamasi

Ɗakin baƙi, gidan Alhaji, Djougou
Ran Laraba da yamma

Zuwa ga Hajo,

Barka da yamma, da fatan hidimar suna tana tafiya daidai, mai jego kuma tana samun hutu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu amma sai na rubuto, tunda ba zan kutsa cikin matan gidan surukai in ce a kira mini matata ba. Anwar zai miƙo miki.

Na san labari ya riga ya shigo ciki, kuma na san kina fushi. Kin rubuto mini cewa in bar takardar a inda take, in yi shiru har a ba mu yaron, bayan arba'in in faɗi gaskiya in biya gyara. Da niyyar bin maganarki na baro Parakou. Ina so ki san wannan.

A Bétérou na tsaya sallar azahar. Na idar ina zaune a kan tabarma, motar tana gabana, sai wani tsoho da ya yi salla kusa da ni ya karanta rubutun a fili, ya ce lalle Masha Allah, mota ta yi kyau, Allah ya ƙara wa mai ita tsoron Allah. Na amsa da amin. Sunan Allah na ɗauka na rufe ɓarnata da shi, kuma da wannan zan je in karɓi jikana. Na jira tsohon ya tafi, na sa farce na ɓare ta a hankali, na ninke na sa a aljihu. Manne ya bar sawunsa a kewayen tabon, kusurwa huɗu. Daga nan har mararrabar Onklou ina tuƙi ina tsara abin da zan ce, babu wanda ya zauna.

Na so in sami Alhaji shi kaɗai. Allah bai nufa ba. Ina tsayawa na tarar da shi a ƙofar gida da 'yan'uwansa suna duba ragon da aka kawo daga Pélébina, Hajiya Memuna kuma ta fito sallamar wasu baƙi. Da farko sai murna, yara suna kallon fuskokinsu a jikin ƙofa, wani ƙanen Alhaji yana tambaya ko sabuwa aka saya. Ita ce ta fara gani. Ta gaishe ni. Ta dubi tabon, ta dubi Alhaji, ta ce masa da yaren Dendi wai ai ta faɗa. Ta manta na yi shekaru ina cin kasuwa da Dendawa.

Na faɗa wa Alhaji yadda abin ya faru a gaban mutanen, da injin da kuran da addu'ar Liman. Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Alhaji ya zagaya motar a hankali. Ya daɗe a baya yana kallon koren. Ya dawo gaba ya ɗora babban yatsansa a kan ƙarfen. Sannan ya karɓi makulli, ya yi mini sannu da hanya, ya ce a kai ni masauki a kawo mini ruwa. Shi ke nan. Da ya yi faɗa da na san inda nake.

Bayan la'asar an fito mini da yaron zaure, kin sani. Abin da ba ki gani ba shi ne yadda aka yi. Hajiya Memuna ce ta riƙo shi. Na miƙa hannu, sai ta ɗan buɗe zanen ta nuna mini fuskarsa yana kafaɗarta, ta ce barci yake kada a tashe shi, ta juya. Hajo, goshin mahaifina ne da shi. Na gan shi kamar ƙiftawar ido, hannuwana suna miƙe a gaban mutane.

Idan na jawo mana asarar arba'in ɗin nan, ki yafe mini. Na san ke ma kin ƙwallafa rai, kin fi ni ma. Kada ki bari Mubaraka ta ga damuwa a fuskarki, nononta ya fi motar nan muhimmanci.

Ni ne,
Badamasi

Ɗakin baƙi, Djougou
Ran Juma'a da hantsi

Zuwa ga mai ɗakina Hajo,

Assalamu alaikum. Barkanmu da gajiyar suna. Yaya mai jego, yaya Zulkifli? Kin ga yadda sunan ya zauna a takarda. Wannan ne karo na farko da na rubuta shi.

Ba ki amsa takardata ta shekaranjiya ba, ban kuma ga laifinki ba. Jiya duk yinin suna Alhaji ya karrama ni, ya zaunar da ni kusa da shi, ya sa aka fara miƙo mini goro, amma ko sau ɗaya bai ambaci mota ko tafiya ba. Naman ragon ma ban ji ɗanɗanonsa ba. Na riga na gaya wa direba ya ajiye mini wuri ɗaya a motar yamma ta yau.

Ɗazu kin ga Anwar ya shigo ya ɗauki yaron ba tare da ya ce komai ba. Ga abin da ya faru.

Bayan karin kumallo Alhaji ya aiko in same shi wurin motar, in zo da injin. Mu biyu ne kawai. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya sa na nuna masa maɓallin da ke riƙe makunni. Sannan ya nuna sawun mannen da ke kewaye da tabon, ya tambaye ni wannan fa. Ran Laraba ban faɗi wannan ba saboda mutane. Na ciro takardar daga aljihu na ba shi, na gaya masa shawarar mai fenti, da cewa na liƙa ta har Bétérou. Ban sa sunanki ba. Ya tambaye ni da na bar ta, yaushe zan gaya masa. Na ce bayan arba'in.

Sai ya ce tabon ya yi masa ciwo, ba zai ɓoye mini ba, kwana biyu yana kewaya motar ta baya don kada ya gan shi. Ya ce kan maganar tafiyar mai jego Parakou yayarsa ta ce a'a, kuma maganarta tana da nauyi a gidan nan. Amma ya ce mata idan wani abu ya sami yaron a Parakou, ko zazzaɓi ne, yanzu ya san a ranar zai ji, ba bayan arba'in ba.

Ki fara haɗa kayan Mubaraka. Gobe Asabar za mu tafi, sai dai da sharuɗɗa. Anwar ne zai tuƙa, ba ni ba. Hajiya Memuna za ta bi mu ta yi mako guda ta ga yadda ake wankan, don haka ki shirya haƙuri, a ɗakinki za ta sauka. Injin kuwa Alhaji ya sa shi a ƙarƙashin hammatarsa, ya ce a nan zai zauna har ranar da na dawo masa da jikansa.

Daga nan ne ya aiki Anwar ciki. Da aka kawo yaron shi ya fara karɓa, ya gyara masa zane, sannan ya juyo ya ɗora mini shi a ƙirji. Bai saki ba sai da ya ga na tallafe kan. Ya ce, “Da hannu biyu, Malam Badamasi. Ko Liman ya shigo, ka ce amin da baki.”

Zulkifli ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya koma barcinsa.

Ki gaida mai jego, ki ce mata babanta yana sa mata albarka. Allah ya kai mu goben lafiya.

Ni ne naki har kullum,
Badamasi